Ƙudajen Surayya

Fagge, Kano
14 ga Yuni, 1999

Ƙanwata Surayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya zaman Jamus? Mu nan lafiya lau. Damina ta sauka, kwatar ƙofar gida ta cika kamar yadda kika santa. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun karɓa, yanzu duk wanda kika tare a shataletalen Bata ɗan siyasa ne, har mai gyaran takalmi.

Baba da sauƙi, amma sauƙin na baki ne. Rawar hannun dama ta ƙaru, na hagu ma ya fara. Ba ya iya sa maɓallin riga, shayi kuwa rabi a baki rabi a gaban riga. Mutumin da ya shekara arba'in yana sayar da huluna, yau sai na ɗora masa tasa a ka. Ƙwayoyin da likita ya rubuta ina karɓo su a Sabon Gari idan na tashi daga aiki, yana sha, suna ɗan riƙe shi.

Wasiƙarki ta iso ta hannun Ambrose, ƙanin maigidana na wurin aiki, Mista Cyprian, da ya dawo daga sayo motoci a can. Na yi yadda muka saba: takardar Baba na karanta masa a soro bayan La'asar, tawa kuma na kai ɗaki. Kin san halinsa, ba ya yarda a karanta sai abokansa sun hallara. Malam Bahauddeen maƙwabcinmu, da duk shekarun da ya yi yana koyarwa a firamare, ya miƙo hannu zai karɓa, Baba ya ce a'a, ni yake so in karanta. Na zauna a bakin ƙofa na karanta sau biyu. Da na zo inda kika ce kina bincike a kan ciwon jijiya, sai ga Baba yana waige-waige yana kallon fuskokin tsofaffi. Yanzu duk Fagge an san 'yar Mala likitar jijiya ce a Turai. Wata mata ta tare ni a Kantin Kwari tana tambayata wai ni ce likitar. Na ce mata a'a, ni ce mai wankin.

To Dakta, ni dai ki fitar da ni daga duhu. Ba jahila ba ce ni, shekara bakwai ke nan ina leƙa madubi a ɗakin gwajin Mista Cyprian, ina neman zazzaɓin cizon sauro da taifot a jinin mutane. Kada ki manta ni na koya miki kimiyya a kan tabarma lokacin da aka kawo ki daga Maiduguri kina kukan an raba ki da gida. A takardata kin ce da ƙudaje kike aiki. Ƙudaje, Surayya? Waɗanda muke kora daga kan ruɓaɓɓen mangwaro? Ki yi min bayani dalla-dalla. Akwai maganin da za ki kawo wa Baba, ko kuwa?

Yayarki,
Yagana

*

Jamus
20 ga Yuli, 1999

Yaya Yagana,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na yi murna ƙwarai, na kuma yi dariyar mai gyaran takalmi. Ina lafiya, sai kewar gida. Takardar Baba tana sama, wannan taki ce ke kaɗai.

E, su ne dai ƙananan ƙudajen nan masu jan ido. Muna kiwonsu a kwalabe, dubbai. Jijiyoyinsu sun yi kama da namu fiye da yadda mutum zai zata, kuma suna tsufa cikin makonni, don haka abin da zai ɗauki shekara talatin a jikin mutum mukan gan shi kafin wata biyu. Lafiyayyen ƙuda in kika buga kwalbar ya faɗo, nan take yake hawa sama. Wanda jijiyarsa ta fara lalacewa sai ya hau rabi ya zamo. Ranar da na fara ganin haka sai da na fita waje, don Baba na tuna a kan matakalar masallaci.

Nawa aikin shi ne haɗa furotin, wani sinadarin da ke cikin jijiya. Nakan ɗauko ƙwayar gado guda ɗaya ta ƙudan, in dasa ta a cikin bakteriya, su kuma su yi ta ƙera min furotin ɗin kamar masaƙa. Sai in fasa su, in tace, in sake tacewa. Wata huɗu na yi kafin in sami abin da bai cika cokalin shayi ba, yana firiza yanzu. Da shi muke gwada yadda yake dunƙulewa ya kashe ƙwayoyin jijiya.

Tambayarki kuwa, Yaya, tunda gaskiya kike so: ba magani ba ne. A jikin kowace kwalba an rubuta cewa na bincike ne kawai, ba na jikin mutum ba. Ko tambayar ba mu gama fahimta ba, balle amsar. In Allah ya sa wani abu ya fito daga nan, sai bayan shekara ashirin ko fiye, kuma ba na jin Baba zai riske shi. Ba ni da abin da zan kawo masa. Don girman Allah kada wannan magana ta kai kunnensa. Ki bar shi da abin da yake riƙe da shi.

Wani lokaci ina ganin ke kin huta. Kina leƙa madubi, ki ga cutar, a ba mutum magani, ya tafi. Ga ki kuma a gida kusa da shi.

Ƙanwarki,
Surayya

*

Fagge, Kano
29 ga Agusta, 1999

Surayya,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Baba ya faɗi a banɗaki makon jiya, bai karye ba, sai gwiwa da ta kumbura.

Na huta, ko? Madalla. Bari in ba ki labarin hutun. Da asuba in ɗaga shi, in yi masa alwala, in sa masa riga, in dama kunu in ba shi a baki. In wanke zanen gado in ya kama, kuma yana kamawa. In bi ta Bata a ƙafa in shiga Sabon Gari, in yini ina shaƙar fitsarin mutane da majinarsu, Uchechi matar maigida tana tsaye a kaina. In dawo in ɗora tukunya. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan ban kwana wani wuri ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne hutun, Dakta. Aikin namu kuma na gane, ƙaramin aiki ne, na leƙa madubi, ba irin naku na masu ƙera furotin ba.

Da Inna ba ta rasu a shekarar da zan shiga jami'a ba, da wa ya san wanda zai kiwata ƙuda a Jamus? Ni na fi ki maki, kin sani, na sani. Aka ce babba ita za ta zauna da gida. Na zauna.

Na karanta masa tasa. Kin iya zaɓen magana, wallahi: “Muna samun ci gaba, Baba, a ci gaba da addu'a.” Tsofaffi suka ɗauki kabbara. Ya sa an liƙa hotonki a bangon soro, wanda kike sanye da farar riga. Ni ko hoton aurena bai taɓa tambaya ba.

Asirinki yana nan, ban faɗa ba.

Yagana

*

Jamus
25 ga Oktoba, 1999

Yaya Yagana,

Assalamu alaikum. Da fatan gwiwar Baba ta saɓe. Wasiƙarki ta yi wata guda da kwanaki a hanya, an riƙe motocin Ambrose a tashar jirgin ruwa bai samu ya taho ba. Duk tsawon lokacin ina zaton shirun lafiya ne, ashe fushi ne ke tafe a aljihunsa.

Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. Na ƙara layin hutun nan ne daga baya, ranar da furotin ɗina na wata huɗu ya lalace, ya dunƙule a kwalba tun kafin in gwada shi, na koma farko. Abin da nake nufi shi ne ke aikinki yana warkar da mutum a ranar, nawa kuwa ban san ko zai taɓa warkar da kowa ba. Ki yafe min in ya fito a karkace.

An zaɓi aikina za a gabatar a wani taron masana a watan gobe. Na faɗa wa Baba a takardarsa, don na san zai ji daɗi. Ki rubuto min ko layi biyu ne.

Surayya

*

Fagge, Kano
19 ga Disamba, 1999

Surayya,

Salamu alaikum. Ya azumi? Mu yau goma sha ɗaya. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, don in na tsaya ba zan iya rubuta abin da ya sa na ɗauki biro ba.

Na faɗa masa. Ba ma faɗa ba, karanta masa na yi, a gaban mutane.

Ranar da wasiƙarki ta taron masana ta zo, ran nan tun safe abubuwa suka cakuɗe. Ya ɓata shimfiɗa, na makara, Uchechi ta wanke ni tas a gaban marasa lafiya. Na dawo da ƙafa a kumbure, na tarar soro cike: Malam Bahauddeen, Alhaji Goni mai turare, da wasu biyu. Baba ya ce maza in karanta. Na karanta. Da na gama sai ya nemi ruwa, na durƙusa na riƙe masa kofi a baki, hannuna ɗaya a ƙarƙashin haɓarsa don kada ya zube. Alhaji Goni ya ce, “Mala, Allah ya ba ka 'ya.” Baba ya janye bakinsa daga kofin, ya nuna hotonki da hannun nan mai rawa, ya ce, “Ai ita ce hannuna. Ita za ta tsayar min da shi.”

Surayya, hannuna yana ƙarƙashin haɓarsa ya faɗi haka. Ruwan bakinsa yana gangarowa a yatsuna.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko takardarki ta watan Yuli, na dawo na ce, “Baba, akwai saura.” Har gyara zama ya yi. Na karanta musu komai, ƙudajen, bakteriyar, cokalin shayin. Na karanta “ba magani ba ne.” Na karanta shekara ashirin. Na karanta “ba na jin Baba zai riske shi,” kuma ban yi sauri a wurin ba, a hankali na bi shi. Har inda kika ce kada ya kai kunnensa sai da na karanta. Malam Bahauddeen yana ta cewa, “Ya isa, 'yata, ya isa,” ban saurare shi ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, a lokacin daɗi na ji. Daɗin bai kai ni bakin ƙofar ɗakina ba.

Tsofaffi suka sa takalma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce a kai shi ciki. Tun ranar bai sake zama a soro ba, yau kwana ashirin da shida. Ya daina shan ƙwayoyin, in na miƙa sai ya kau da kai. Jikin ya sandare, ko juyawa a gado sai an juya shi. Mista Cyprian da kansa ya zo har gida ya roƙe shi, ya ce masa ƙwayoyin nan suna aiki ko da abin Jamus ko babu. Baba ya yi masa godiya, bai sha ba.

Ga abin da nake roƙo. Ki rubuto masa ki ce kuskure kika yi, ko ki ce an gano wani sabon abu a taron nan naku, ko ki ce ni na ƙara gishiri don baƙin ciki. Wannan na ƙarshen ma ba ƙarya ba ne sosai. Ke yake ji. Ki faɗi duk abin da zai sa ya buɗe baki ya haɗiyi ƙwaya. Ambrose zai tashi jibi, na roƙe shi kada ya dawo sai da amsarki.

Yagana

*

Jamus
10 ga Janairu, 2000

Yaya Yagana,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah, in akwai barka a ciki. Na yi Idi ni kaɗai a ɗakin bincike, da wasiƙarki a aljihu.

Kwana uku na yi ban iya amsa miki ba. Na rubuta guda biyu na yaga, don abin da ke cikinsu ba na ƙanwa ba ne zuwa ga yayarta. Amana na ba ki, Yaya. Ke kika ce in gaya miki gaskiya, na gaya miki don na ɗauka mu biyu ne muke riƙe da shi, ke daga nan ni daga can. Kika ɗauki maganata kika doke shi da ita a gaban abokansa. Da ni kike so ki kayar, ai da kin rubuto min zagi, zan iya ɗauka.

Kuma wai kishina kike yi! Ni? Ke 'yar fari ce. A gidanmu wa ya taɓa jin uba ya yabi ɗan fari a gaban mutane? Ko sunanki ba ya kamawa, kin fi ni sanin dalili, alkunya ce. Ni kuwa 'yar riƙo ce. Kakansa da kakan mahaifina ne wa da ƙane, iyakar abin da ya haɗa mu ke nan. Dole ya yabe ni da ƙarfi, don kada Fagge ta ce Mala ya bambanta marainiya da 'yarsa. Shekara goma sha huɗu na yi a gidan nan bai taɓa yi min tsawa ba. Ke yake yi wa tsawa, ke yake aika, ke yake kira in ciki ya murɗa masa. Ni sai “sannu Surayya, Allah ya yi albarka,” kamar baƙuwar da za ta tafi gobe. Na sha tsayawa a bayan ƙofa ina jin yana yi miki faɗa a kan gishirin miya, ina cewa ina ma ni ce. Kina tsammanin me ya kawo ni cikin ƙudaje? Na rasa abin da zan yi masa wanda ba ki riga kin yi ba.

Ba zan rubuta masa ƙarya ba. Wadda na yi a baya, ta “muna samun ci gaba,” ita ta kawo mu nan, laifina ne wannan, na ɗauka. Ba kuma zan ce ke kika ƙara ba, don ba ki ƙara ko harafi ba. Na rubuta masa gaskiya da bakina: ba ni da magani, ƙwayoyin da kike kawowa su ne maganin da duniya take da shi a yau, ko a nan Jamus su ake ba mutane. Na roƙe shi ya sha. Ki karanta masa yadda yake.

Har yanzu ina fushi da ke. Ki gaishe min da shi, ki kuma rubuto.

Surayya

*

Fagge, Kano
6 ga Fabrairu, 2000

Ƙanwata Surayya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Albishirinki, Baba ya koma shan magani, yau kwana goma sha biyu. Jikin ya ɗan saki, jiya ya taka har tsakar gida da sanda.

Na karanta wadda kika rubuto min sau ban san adadi ba. Maganar gishirin miya ta sa ni dariya, daga baya ta sa ni kuka. Ban taɓa sanin kina bayan ƙofa ba. Ki yafe min, ko ba yanzu ba.

Tasa kuwa ba ni na karanta ba. Na shiga da ita na ce ga wasiƙar Surayya, na fara buɗewa, sai ya ce in ajiye, a kira masa Malam Bahauddeen. Shi ya karanta masa, ni ina kicin. Washegari ya sha ƙwaya.

Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce in kawo biro, zai ba da amsa, Malam ya tafi ta'aziyya ƙauye. Ga abin da ya ce, ban canza komai ba:

“Ki gaya wa Surayya na gode, Allah ya yi mata albarka, ta riƙe aikinta da kyau ko ƙuda ne ko sauro. Ki gaya mata kada ta damu, likita ya gaya min ciwon nan ba ya warkewa tun kafin ta hau jirgi. Na sani. Ina faɗin abin da nake faɗa a soro ne don yarinyar da ba ta da uba tana bukatar wanda zai yi alfahari da ita, ni ma kuma ina bukatar abin faɗa in abokai sun zo, ban da ciwo. Ki gaya mata labarin bai yi min zafi ba. Muryar da aka karanta shi da ita ce ta yi min zafi.”

Da hannuna na rubuta wannan, Surayya, yana kallon bango ina kallon takarda. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma na san da gaske yake. Amma bai ce in ci gaba da karanta masa wasiƙu ba.

Ni nake sa masa riga har yanzu, ni nake ba shi kunu. Yana cewa sannu, yana cewa Allah ya yi albarka. Rabon da ya yi min tsawa tun kafin azumi. Shekaranjiya da gangan na cika gishiri a miya, ya ci, ya ce an gode.

Don haka daga yanzu kada ki haɗa tawa da tasa a ambulan ɗaya. Tawa ki ba Ambrose daban ya kai min wurin aiki. Katin gaisuwar Sallarki da kika sa a gidan waya sai jiya ya iso, Malam Bahauddeen ya zo ya karanta masa, ina jin su ta bayan labule. Malam ya yi ta tuntuɓe a kan sunan garinku, ya gwada sau uku bai iya ba. Na ga Baba ya juyo wajen ƙofa ya buɗe baki zai kira ni. Har na ajiye tsintsiya. Sai ya ce, “Wuce wurin, Malam, ci gaba.”

Yayarki,
Yagana